Ƙarar da Na Kai Malam Iliya

Ko na so in manta da wannan Larabar, mutanen garinmu Rara ba za su bar ni ba.

Ni ɗan kabu-kabu ne, ban yi boko ba. Ruwa ya cinye mini albasa sau biyu, ɓarayin daji sun taɓa karɓe mini babur, duk ban sunkuyar da kai ba. Kalma ɗaya ce ta yi mini wannan aikin.

Malam Iliya maƙwabcina ne, Kirista, mutumin Zuru, yana koyarwa a sakandare. Shekara shida ni ke kai shi coci ranar Lahadi. Wata Talata ya ce gobe in kai shi Rabah, don can ne sabis ke da ƙarfi. Malaman jami'a za su yi taro, yana neman a ba shi dama ya yi magana. Sai ya tura bayanin abin da zai faɗa kafin ƙarfe huɗu, in ta wuce sun rufe. Wata uku yana wannan rubutun.

Na ce, "A kan mi?"

Ya ce, "Bambanci, Baba. Bambancin addini da ƙabila a jami'o'in Kirista. Har Rara na sa a ciki."

A sanina, in an ce bambanci, to an nuna wa wani shi ne. (Maganar jami'a kuwa ta bi ta bayan kunnena ta wuce.) Wato mutumin da muke aika wa naman layya zai je ya gaya wa duniya muna ware shi. Ban tambaye shi ba. Ni ba mai yawan tambaya ba ne, kuma a lokacin ina taƙama da haka.

Da safe na kai ƙara wurin mai unguwa. Bayan azahar aka tara dattawa, aka kira Malam Iliya. Ya iso da jakar kwamfuta a kafaɗa, yana ta duban agogo, don tun hantsi yake nemana.

Na miƙe na yi jawabi mafi tsawo a rayuwata. Na ce shekara shida ko kazarsa ba a taɓa jifa ba. Na ce in akwai wanda ya nuna masa bambanci, ya faɗi sunansa yanzu. (Har da buga ƙirji, Allah ya yafe mini.)

Mai unguwa ya ce, "Malam, karanta muna abin ga mu ji."

Ya buɗe kwamfuta, yana karantawa yana mayarwa Hausa. Ashe cewa ya yi jami'o'insu su buɗe ƙofa ga ɗaliban Musulmi da na kowace ƙabila, zama da wanda ba irinka ba shi ma karatu ne. Ya ce shi a Rara ya koyi haka, wurin wani dattijo ɗan kabu-kabu mai kai shi coci, wanda ke kashe babur tun daga nesa don kada ƙara ta dami masu addu'a.

Sai wani tsoho da muka yi kiwo tare ya juyo gare ni.

"Wanga dattijon kirki, ko ka san shi? Mu dai ba mu taɓa ganinai ba."

Har mai unguwa sai da ya rufe baki da rawani. Malam Iliya kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, uku ta wuce."

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Mun isa Rabah ƙura har cikin haƙora. Ya tsuguna bakin wani shago ya tura, saura minti kaɗan. Ni ina tsaye can gefe ina duba tayar da lafiyarta lau.

A hanyar dawowa na ce, "Malam, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ba komai, Baba. In sun karɓa, zan ƙara da labarin yau."

Sun karɓa. Ban tambaye shi ko ya ƙara ba.

Yanzu in ɗan boko ya faɗi kalmar da na tabbata na sani, ita nake fara tambayar ma'anarta. Waɗanda ban sani ba, ko ɗaya ba ta taɓa kai ni gaban mai unguwa ba.