Ranar da Na Duba Saman Turkiyya a Argungu

Ba zan taɓa mantawa da bikin Nana, ɗiyar Gwaggo Kulu ba. Ko na so in manta ma, mutanen gidan ba za su bari ba.

Amma sai na fara da Luba. Tare muka yi sakandare a Argungu, benci ɗaya, kuma (Allah na gani, ba yabon kai ba ne) ni ke ba ta amsar lissafi. Ni aka kawo ni aure unguwar Badariya a Birnin Kebbi, gidan ɗan kasuwar albasa, alhamdu lillahi ba abin da na rasa. Ita kuwa mijinta ya samu karatu a Turkiyya, ya tafi da ita. Ban ji komai a raina ba sai ranar da ta turo hoto gurup ɗin 'yan ajinmu. Ga ta bisa wani farin dutse, ta ɗora jibgegiyar riga kan hijabi, an ɗaura mata wasu dogayen katakai biyu a ƙafa, kowane hannu da sanda. Wai zamiya ake yi a kan dusar ƙanƙara. Luba fa, wadda ko gangaren gulbi ba ta sauka sai an riƙe ta. Na rubuta Masha Allah har da furanni, na ajiye wayar, na kama dakan yaji kamar shi ya yi mini laifi.

Da ma a nan na tsaya. Sai na nemo sunan dutsen, na saka shi a wurin duba yanayi na wayata, na cire Birnin Kebbi. Kullum in na idar da azkar ɗin safe, abin da nake fara dubawa ke nan. Kafin a jima na zama gwana. Na san in sabuwar ƙanƙara ta zuba da dare, washegari zamiya za ta yi daɗi. Na san in ta narke ta sake daskarewa, tauri take yi kamar gilashi, mutane su yi ta faɗuwa. Na san in iska ta yi ƙarfi ana tsayar da kujerun nan masu rataye a waya da ke kai mutane sama. Ranar da hasashe ya ce ƙanƙara ta yi kyau, sai in wuni ina faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da aka ce an rufe dutsen, sai in ji ina shara ina 'yar waƙa, in tuna, in yi istigfari, in kuma ci gaba da waƙar. (Maigida ya zaci saboda gonar shinkafarsa ta Gulma nake wannan ɗawainiya. Har albarka ya sa mini.)

Bikin Nana ya faɗo farkon damina, daidai lokacin da su Luba suka zo hutu. Ranar kai amarya muna tsakar gidan Gwaggo a Argungu, an jera murahu a fili, an aza manyan tukwane, ga shinkafa, ga miya, ga kifi ana soyawa, don dangin ango za su taso daga Birnin Kebbi. Matan da ya kamata su yi ta yankan albasa kuwa duk sun kewaye Luba tana ba su labarin sanyi. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, ina gyara mata labarin a zuci.

Can sai ɗan hadari ya leƙo ta gabas. Gwaggo ta ɗaga kai ta ce ko a kwashe girkin a mayar ƙarƙashin rumfa, ga shi kuwa aiki ne ja, sai an sauke tukwane an sake kafa duwatsu. Luba ta ce ai su can ba mai fita gida bai duba waya ba, sai dai layinta bai kama a nan. Wannan "su can" ɗin ne ya kashe ni. Na share hannu da zane, na zaro tawa wayar, na ce mu ma nan muna dubawa. Na buɗe, na ga hoton rana reras tun daga safe har dare. Ban karanta sunan garin ba. Ko alƙaluman sanyin da ke gefe ban kalla ba, don idona na kan Luba, ina son in ga ta ga na iya.

"Kin tabbata, ɗiyata?" in ji Gwaggo.

"Ko ɗigo, Gwaggo. A ci gaba da girki."

Ba a daɗe da sallar la'asar ba iska ta taso, ruwa ya biyo ta kamar da bakin ƙwarya. Wuta ta mutu a kowane murhu. Miya ta koma ruwan wanke kwano, shinkafa na iyo, man kifi na tsalle, tsofaffi na gudu da faifai a ka. Ni ina ta jan tukunyar da ta fi ni nauyi, ina roƙon Allah ya sa kowa ya manta wanda ya yi magana.

Gwaggo ba ta manta ba. Da muka taru a ɗaki, kowa na matse zane, sai ta ce in miƙa wa Luba wayar ta duba mana, ko ni ce ban iya karanta ta ba. Ba yadda zan yi. Luba ta karɓa, ta duba.

"Wanga ai ba Argungu na ba," ta ce a hankali. "Dutsenmu na."

Na so ƙasa ta tsage. Na jira ta yi dariya, da ta yi ma da na ji sauƙi. Sai na ga idonta ya ciko. Ta rungume ni, jiƙaƙƙiya da ni, tana gaya wa mata wai tun da ta tafi ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take fama da sanyi, ashe ni ina nan kullum ina dubawa saboda tausayinta. Ta ce sau ɗaya ta hau katakan nan, aka ɗauki hoton, ta faɗi ta gurɗe, sauran lokacin a ɗaki ta yi shi tana kukan gida. Mata suka yi ta cewa Allah ya bar zumunci. Ni kuwa kowace addu'a kamar mari nake jin ta.

Gwaggo, wadda ta san ni tun ina goye, ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Awo, tausayi na. To, mai tausayi, tashi ki aro muna risho ga maƙwabta."

Dangin ango sun ci abinci a makare, shinkafar kuma ta yi laushin da ko marar haƙori ba zai yi ƙorafi ba. Ni dai abin da na koya shi ne, in ka ɗaga kai kana ƙididdigar saman wani, naka saman ne zai jiƙa ka, kuma ba kai kaɗai ba, har da tukunyar mutane.