Lauyar da Ta Kusa Ɗaure Mutuminta

Ko zan manta komai na karatuna a Alƙahira, ban da ranar kotun gwaji. Muna ajin kwatanta dokokin ƙasashe, malaminmu, Duktur, ya kawo mu kan shari'ar laifi a China. Dokarsu tana son wanda ake tuhuma ya amsa tambaya da gaskiya, amma ta hana a tilasta masa amsa laifi. Ya ce mu gwada a aji mu gani, ya raba aiki da Larabcinsa na Masar mai gudun tsiya. Na ji sunana, na ce "Tamam", wato "to" (lokacin ko zagina aka yi, tamam nake cewa).

Na koma ɗakinmu a unguwar Abbasiya na duƙufa shiri a matsayin mai gabatar da ƙara. Har madubi sai da na yi wa tambayoyi.

Wanda ake tuhuma da satar babur Yusuf ne, ɗan ajinmu mutumin China, mai kunyar da ko gaisuwa a hankali yake yi. Ana ba ni dama na miƙe na buga tebur.

"Ina kake ranar? Dube ni! Kai ka ɗauka ko ba kai ba?"

Ya dubi Duktur, ya dube ni. Na ga aji ya yi tsit, na ɗauka burge su nake yi, na ƙara wuta. Bawan Allah ya haɗa gumi, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ni ne."

Na juyo ina jiran tafi. Duktur ya cire tabarau.

"'Yata, ke ce fa lauyar da ke kare shi."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Balarabiyar da ita ce ainihin mai gabatar da ƙara ta kifa kai tana dariya, na gama mata aikinta kyauta.

Alƙalinmu, Musa ɗan Maraɗi, shi ya cece ni. Ya ce an samo amsar da tsoratarwa, don haka ba ta karɓuwa, kuma babu wata shaida. Ya sallami Yusuf. Wato dai na ci shari'a (ban taɓa faɗa wa Babana ta yaya ba).

Da muka fito Yusuf ya saya mini shayi, ya ce, "Ma'alish, ba komai, 'yar'uwa. Amma in an taɓa kama ni da gaske, don Allah yi mini addu'a daga gida."

Gaskiya abar nema ce, ban musa ba. Sai dai yanzu kafin in shaƙe mutum dominta, nakan fara tambaya ko mutumina ne.