Gilashin da Na Rungumo daga Dapaong

Bayan rasuwar Baba, ni aka tura Dapaong in kwaso kayan shagonsa, har da tsohuwar kwamfutar da hotunansa da muryar karatunsa suke ciki. Na danna, ta ƙi tashi. Na bubbuga akwatin injinta, na kara kunne kamar likita, na yanke hukunci cewa ya mutu. Ai a gilashin kwamfutar muke ganin fuskar Baba, to can yake. Na bar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa akwatin, na naɗe gilashin a bargo, na rungume shi har gida Sokodé.

A unguwarmu ta Zango, yayata Habiba ta raka ni wurin mai gyara.

"Malam, ina akwatin?" in ji shi.

"Ya mutu, na bayar."

"Subhanallahi! Komai ai yana cikinsa."

Yaya ba ta yi faɗa ba, mayafi ta ja ta rufe fuska. Washegari na koma Dapaong, an riga an farfasa akwatin.

Gilashin yana ɗakinta har yau, tana goge shi. Duk Sallah sai ta ce, "Injiniya, kunna mana Baba." A yi dariya, sannan a yi wa Baba addu'a.