Bencin da Ba a Ba Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata biyun da na yi ina zaluntar ɗan mutane, ina kuma sa masa albarka ba.

Likita ne ya jawo. Ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce, "Alhaji, ko dai motsa jiki, ko dai gadon asibiti." Ni da na shekara arba'in ina dillancin shanu, ina kora bijimai da ƙafa daga Zango har Mai'aduwa, wai yau sai an biya kuɗi kafin in yi gumi. Babban ɗana ya yanka mini kati a wani gidan motsa jiki a nan Daura, ya haɗo da wando mai roba (babbar riga nake ɗorawa a kai, sai na shiga ciki nake tuɓewa, kada maƙwabta su gani).

Benci ɗaya ne tal a wurin, wanda ake kwanciya a ɗaga ƙarfe. Ranar farko, bayan sallar asuba, na tarar da wani saurayi a kai, Nura, malamin firamare, siriri mai ladabi. Ina isowa ya aje ƙarfen ya miƙe tsaye yana haki. Na ce a raina, ashe da sauran tarbiyya a garin nan! Na ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," na zauna. Har sa shi na yi ya cire manyan faifayen ƙarfen ya saka mini ƙanana. Na ɗaga sau biyar, na gaji, na ci gaba da zama ina amsa wayar masu neman saniya.

Abin da ban sani ba (aji uku na yi a firamare, kuma ko can ba a koyar da wannan) shi ne, idan mutum ya tashi daga bencin nan, numfashi yake mayarwa na ɗan lokaci, zai dawo. Mai so ya shiga sai ya nemi izini a yi karɓa-karɓa: kai ka ɗaga shi ya huta, shi ya ɗaga kai ka huta. Ni kuwa a duniyata, yaro ya tashi wa babba, magana ta ƙare. Wa ya taɓa jin an ce wa dattijo tashi ka ba ni wurina?

Kullum haka. Nura ya miƙe, in zauna, in sa albarka. Ya tsaya gefe yana duba agogo, ƙarfe bakwai ta yi ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta. Ni kuma in je majalisa ina cika baki cewa yaran yanzu ba su lalace ba, ni shaida ne.

Wanda ya fasa ƙwan taubashina ne, Sale, tsohon direba da ciwon sukari ya kawo shi wurin tun kafin ni, amma da yamma yake zuwa. Rannan ya zo da safe, ya same ni a zaune a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina cinikin maraƙi a waya.

"Kai, bawana, gadon gidanku ne? Tashi in ɗaga."

Na ce, "Ji marar kunya. Ni ba ni aka yi, don girmana."

"Wa ya ba ka?"

Na waiga in nuna Nura, babu shi. A lokacin na tuna kwana huɗu ke nan ban gan shi ba.

Sale ya tafa hannu, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji. "Jama'a, ku gaya masa mana! Ba wanda ya ba ka, ƙwace kake yi, ɓarawon benci! Yaron nan gwajin shiga soja yake shiri, rabin awa gare shi kafin ya tafi aji, kai ka cinye masa ita da cinikin shanu. Ya gaji ya bar maka wurin."

Samarin da ke wurin duk suka sunkuyar da kai. Wani ya yi kamar yana ɗaure takalmi, kafaɗarsa na rawa. Na ce, "To me ya hana ku faɗa mini?" Ɗaya ya ce a hankali, "Baba, ai kullum albarka kake sa mana." Na miƙe daga bencin, ga wando mai roba, ga tumbi, na rasa inda zan sa fuskata.

Da la'asar na nemi gidansu Nura. Na same shi a zaure, kwance a kan tabarma, yana ɗaga wani bututun ƙarfe da ya maƙala wa gwangwanaye biyu cike da siminti. Ya zabura zai miƙe, na ce don Allah kada ka tashi, tashin nan naka ne ya kai ni ya baro. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba Baba, ba komai wallahi." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bai ci gwajin ba a shekarar. Ba na ce ni ne sanadi ba, amma ban isa in rantse ba ni ba ne. Har yau yana gaishe ni a durƙushe, kuma bai koma wurin ba.

Yanzu ko a masallaci wani ya miƙe, sai na tambaya tukuna: "Ɗana, tafiya za ka yi, ko hutawa kake?" Furfura takan sa a yi maka shiru, kai kuma ka ɗauka yarda ce.