Yadda Za Ka Zama Tsohon Masunci Ko Da Ba Ka Iya Ruwa Ba

Kai da otal ya zagaye bakin tekun garinku da katanga, share hawayenka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin baƙin bana su koma, hotonka zai kai ƙasashen da ba ka iya faɗin sunansu ba. Maƙwabcina Nicanor mai aski ya gwada su duka a kan idona.

Mataki na ɗaya: Kada ka iya sana'ar

Da otal ya sayi bakin tekunmu, manaja ta ce ba mai zama a kan yashin sai abin da baƙi za su kalla. Matar Nicanor, Yudelkis, ta shekara ashirin tana soya kifi da ayaba a rumfarta, aka ba ta mako guda ta tashi. Wanta Eusebio, masunci ɗan masunci, ya je roƙon a bar shi. Manaja ta dube shi: rigar ƙwallo, waya a aljihu, inji a bayan jirgi.

"Wannan bai yi kama da masunci ba," in ji ta. Sai ta nuna Nicanor da ya rako shi. "Wancan mai farin gemun fa?"

Nicanor ko wankan teku bai taɓa yi ba. Ya shafa gemu ya ce, "Ranki ya daɗe, a cikin jirgi aka yanke min cibiya. Amma ba na zama sai kusa da rumfar matata."

Aka ɗauke shi, aka bar wa matarsa rumfarta. Eusebio kuwa aka miƙa masa manjagara ya riƙa kwashe ciyawar teku.

Mataki na biyu: Talauce

Yage wando daga gwiwa. Ɓoye takalmi, ɓoye waya. Nemi tsohuwar komar kamun kifi ka yi ta ɗinki, kada ka kuskura ka gama. Ka tuna, ba wanda ya keta sararin sama don ya ga mutum mai takalmi.

Mataki na uku: Rage magana

Ƙura wa teku ido kamar kuna da tsohuwar gaba. In baƙi sun taru, yi ajiyar zuciya ka ce, "Teku uwa ce." Nicanor da wannan kaɗai ya sa wata baƙuwa kuka.

Eusebio yana wucewa da manjagara ya ce, "Suruki, uwar taka ta san da zamanka kuwa?"

Kada ka amsa. Hassada ce.

Mataki na huɗu: Kifi

Matarka ta sayo a kanti, kai ka ɗaga a ɗauki hoto. Wata rana wani baƙo ya taɓa kifin ya ji ƙanƙara. Nicanor bai ko ƙifta ido ba: "Daga can ƙasan teku yake, yallaɓai. Akwai sanyi."

Mataki na biyar: Ranar da aka ce shiga ruwa

Za ta zo. Baƙi goma sha biyu suka ce sai tsoho ya kai su ganin kunkurun teku. Manaja ta ce ko ya shiga jirgi, ko a rushe rumfa.

"Maigida, bar musu kawai," in ji Yudelkis. "Rumfa ba ta kai ranka ba."

"Shekara ashirin kina tsaye gaban wuta, ni awa biyu ce za ta gagare ni?" in ji Nicanor.

Aka kira Eusebio ya riƙe inji. Igiyar ruwa ta farko Nicanor ya daure. Ta biyu ya kama Budurwa Maryamu da kira, yana roƙon ceto. Ta uku ya durƙusa a gefen jirgi ya amayar da duk abin da ya karya kumallo da shi.

"Me yake yi haka?" wata baƙuwa ta tambaya.

Eusebio ya dubi mutumin da ya gaje masa wuri. Kalma ɗaya ta isa ta tona asiri, ta kuma rushe rumfar ƙanwarsa. Ya cire hula ya ce, "Shiru, baiwar Allah. Sadaka yake ba teku. Haka kakanninmu suke yi."

Ƙananan kifaye suka yi caa a kan sadakar. Can sai ga kunkuru ya ɗago kai. Baƙi suka ɓarke da tafi.

Mataki na shida: Rungumi nasararka

Washegari manaja ta sa "Sadakar Teku" cikin abubuwan kallo, kowace Talata da Juma'a. Eusebio ya ajiye manjagara ya koma jirginsa. A waɗannan ranakun Yudelkis takan cika wa mijinta kwano da dakakkiyar ayaba da ƙwai, ta zauna ta tsare shi.

"Ci, maigida. Yau baƙi goma sha takwas ne, kada na bayan jirgi su rasa gani."

Gargaɗi

In ka bi shawarar nan ka rame, ko hanjinka ya juye, ko kunkuru ya ƙi fitowa, kada ka buga min ƙofa. Ni hular kaba nake sayarwa a bakin otal, kuma ban taɓa ganinka ba.