Rasuwar Matauni na Tsakiya, Wanda Bai Taɓa Ciwo Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunci a kumbure, Dije 'yar Osman ta Hillar Yalwa, kudu da Abu Hujar, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar haƙorinta, Matauni na Tsakiya, na ƙasa ta hannun dama. Ya bar baki ranar kasuwa da hantsi, bayan shekara arba'in da wani abu yana aiki.

Labarin bai iske ta ba sai bayan la'asar, tana zaune tsakar gida. Da allurar kashe zafi ta sake ta, ta tofar da audugar da aka cusa mata, harshe ya tafi dubiya. Ya tarar da majinyacin, Matauni na Ƙurya, yana nan daram da raminsa da zuginsa. Gidan maƙwabcinsa ne a buɗe, ba kowa. Sau uku harshe ya koma kafin Dije ta yarda.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya zaɓen abinci. Ya ci kisira, wainar dawa, ya ci goruba, ya ɓare rake. Shekarun da Dije ta yi tana tsinkar auduga a gonakin Hajj Abdalla, shi ne almakashinta, shi ke yanke zaren ɗinkin buhu. Ranar bikin 'yarta ya gamu da wani agashe da ya gagari maza, bai ja da baya ba. Ba shi da yawan magana. In ya samu gyaɗa ya ce ƙurus, in ya samu guringuntsi ya ce ƙaras-ƙaras. Sau ɗaya ya taɓa cewa ƙas, ranar da ya haɗu da tsakuwa cikin wake, ya fita da ɗan tabo a kafaɗa, bai kai ƙara ba.

Masu tambayar ciwon ajali su yi haƙuri. Babu. Lafiyarsa lau ya shiga shagon nan na bayan kasuwa, rakiyar maƙwabci ya je.

Ga yadda aka yi. Ƙawarta Sakina ce ta ce akwai wani hakim, wato likita, mai farar riga, hannunsa da sauƙi, ba sai an sha wahalar mota zuwa Sinja ba. Ya zaunar da Dije, ya yi allura, ya tokare mata baki. Ya ƙwanƙwasa marigayin da ƙarfe, ya tambaya da Larabci ko wannan ne. Dije ta iya Larabci, da shi take ciniki, da shi take faɗa. Amma tsoro harshen uwa ya sani. Ta ce a'a. To, a'a ta Bahaushiya, in baki na wangame, ba ta da maraba da aai ta Balarabe, wadda ke nufin i. Ta ƙara cewa a'a da ƙarfi. Ya yaba mata da jarumta, ya ɗauko awartaki.

Haka ya faɗa da ta koma washegari, wai aai ya ji. Dije ba ta musa cewa kunne na kuskure ba. Sai dai akwai abubuwan da suka tsaya mata a wuya. Mai ido ya kasa bambance haƙori mai rami da marar rami? Me ya sa bai ba ta madubi ba? Me ya sa, tun jini bai tsaya ba, ya jawo akwatin haƙoran sayarwa yana gwada mata launi? Takardar shahadar da ke bango kuma an rataye ta can kusa da rufi, mai hoton yana da suma, wannan kuwa sanƙo ne. Dije ta san gashi na zubewa. Hanci ne ba ta taɓa jin ya sauya ba, na mai hoton kuwa daban yake. Ba ta zargin Sakina da komai, illa dai Dije ce mace ta biyar da ta kai shagon, kuma haƙorin zinariyar Sakina sabo ne.

Dije ba ta wanke kanta ba. Da tambayoyi a cikinta ta shiga: ko ana iya cike ramin a bar haƙorin, ko akwai hoton da ake ɗauka a ga saiwa. Kunya ta hana. An rene ta a kan ba a tsare mai ilimi da tambaya. Ta haɗiye su, ta buɗe baki.

Gawar ma da ƙyar ta samu. Gwangwani hakim ɗin ya girgiza mata, cike da haƙoran jama'a, ya ce ta zaɓa. Da tabon tsakuwar nan ta gane nata.

Marigayin ya bar abokin aikinsa na sama, wanda yanzu ke saukowa bai tarar da kowa ba. Ya bar 'yan'uwa ashirin da shida, duk a tsorace. Ya bar Matauni na Ƙurya, wanda aka je dominsa, ya dawo da ƙafarsa, kuma har yau bai nuna nadama ba.

Za a binne marigayin ranar Laraba bayan hantsi, gindin aduwar bayan gida, cikin ƙyallen tsohon tob, mayafinta. Zaman makoki yini ɗaya ne. Masu zuwa su kawo kunu, kada a kawo dabino ko gyaɗa. Sakina na iya zuwa, amma ta zo ba shawara.

Ranar Alhamis Dije za ta kai majinyacin asibiti a Sinja. Ba za ta hau kujera ba sai ta ji sunan likita da abin da zai yi, da abin da zai faru in ba a yi ba. Madubinta na cikin jaka. Da yatsarta za ta nuna haƙorin, likita ya nuna da tasa, su yi shaida.

Kafin nan, kowace safiya in ta gama asuwaki, harshe kan leƙa kangon ya gaishe shi. Sannan ta wangame baki gaban madubi, ta ce la, la, la, a'a irin ta Larabawa, har sai ta fito sarai.