Aikin Hannun Don Aristeo

Da na dawo gida bayan shekara goma sha ɗaya ina karatu a ƙasar da ake sayar da lemon tsami ɗaya-ɗaya a cikin leda, na zo da wata shakka wadda na ɗauka ilimi ce. A ganina, alewar lemon garinmu 'yar mitsitsiya kamar ƙwan zabo ba za ta taɓa ɗaukar nauyin babban mutum ba. Ashe ni ne ban sani ba. Tun daga tashar mota wani allo mai tsayin bene ya tare ni: ga fuskar Don Aristeo Carrizales (Don da Doña laƙabin girmamawa ne a wurinmu), ga gashin baki ya sha mai, ga lemo guda tsakanin yatsu biyu kamar wanda ya tono lu'ulu'u. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Aikin Hannuna.

Kuma mutum ne da ya cancanci allo. Shi ne Shugaban Ƙungiyar Kare Martabar Lemo da Kwakwa, ƙungiya mai mutum huɗu: shi, da matarsa, da ƙanen matarsa Fidencio, da wani dattijo da ya rasu bara amma aka bar sunansa don girmamawa. Lisensiyado ake ce masa, laƙabin masu digiri, tun da ya je birnin Guadalajara ya yi mako shida yana koyon dabarun talla. Ya dawo da takardar shaida, da farin takalmi, da wata sabuwar tafiya ta ɗaga haɓa. Matan kasuwa kuwa, da yake ba su san darajar ilimi ba, Ɓawo suke ce masa in ya ba da baya, wai kamar lemon da aka ƙwaƙule aka manta ba a cika ba.

Kowa a garinmu ya san yadda ake alewar nan, in ban da mai allon. A tsinko lemo kore, a kankare bayansa sama-sama, a tsaga shi, a ƙwaƙule cikin. A jiƙa ɓawon kwana uku, ana sauya ruwa safe da yamma har ɗacin ya fita. Sannan a dafa shi da ruwan sukari a tukunyar jan ƙarfe, a cika shi da gurzajjiyar kwakwa. Jan ƙarfen ne ke riƙe koren. A wata tukunya daban, lemon fitowa yake da launin tsohon sirdi.

Wannan ƙaramin ɓangare na sana'ar, wato yin alewar, yayarsa Doña Herlinda ce ke ɗauke da shi a bayan gida tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Yanzu shekarunta sittin da uku. Lisensiyado ya riƙe babban ɓangaren, wato magana.

Akwai kuma bakance a gidan. Lisensiyado yana jariri zazzaɓi ya kusa tafiya da shi, sai mahaifiyarsu, Mama Nila, ta durƙusa a coci ta yi alkawari: in yaron ya tashi, duk shekara ranar Kandelariya, bikin kyandir na coci, za ta kai lemo ɗari ƙofar coci a raba wa masu ziyara, dafaffu a tukunyarta, kore shar kamar yanzu aka tsinko su. Yaro ya tashi, ya yi ta tashi har ya kai saman allo. Mama Nila ta cika alkawarin shekara talatin da biyar, ta mutu ta bar wa Herlinda tukunyar da alkawarin tare. Herlinda ba ta taɓa fashi ba.

Saura kwana tara bikin bana, ta dawo daga addu'ar safe ta tarar da ƙusa tsirara a bangon madafa. A kan murhu an ɗora wata tukunyar farin ƙarfe, tana ƙyalli kamar madubin mai aski, an ɗaura mata jan ƙyalle a hannu.

Ta bi ƙarar guduma zuwa falon gaba. An kwashe kujeru, an rubuta a saman ƙofa: Gidan Tarihin Alewa na Lisensiyado Aristeo Carrizales. Ga tukunyar Mama Nila can a tsakiyar bango, bakinta na kallon ƙofa, fitila na haska ta. Tukunyar tana da kunnuwa biyu, da su aka rataye ta shekara sittin. Amma Lisensiyado, da idonsa na gwani, ya lura in an rataye ta ta kunne karkacewa take, hoto ba ya kyau. Sai ya aro injin huda bango, ya huda tsakiyar gindinta da kansa, ya zura doguwar ƙusa mai zare ta bi ta wani ɗan allon tagulla mai sunansa, ta bi ta tukunya, ta shige bango.

"Teo," in ji Herlinda. "Me ka yi wa tukunyar Mama?"

"Yaya, a gaban jama'a Lisensiyado ake cewa." Jama'ar dai Fidencio ne, yana kan tsani.

"Ni na goya ka, Teo, har ka jiƙa min baya. Sauko min da ita."

"Ɗaukaka ta na yi! Shekara sittin tana shan hayaƙi a bayan gida, yau ta shiga tarihi. Ba ki ga wadda na sayo miki ba? Daga Guadalajara fa. Ba sai kin zauna kina dirza ta da gishiri da lemo kamar zamanin kakanni ba."

"Ba ta kuma yin kore."

"Camfi! Camfin tsofaffin mata. Kore a jikin lemo yake, ina ruwan tukunya? Ilimi ne wannan, Yaya, ba na sa ran ki gane."

"Saura kwana tara. Alkawarin nan saboda kai aka yi shi."

"To ba ga ni ba, garau? Bana ma ni zan cika shi da hannuna, ranar jajibere, a dandali, a gaban 'yan jarida. Kwana ukun nan da kike ɓatawa kina wasa da ruwa, minti arba'in zan mai da su."

Herlinda ta tsaya tana kallon kan ƙusar. A daidai wurin ne, a da, Mama Nila takan buga cokali sau biyu in sukari ya nuna. Herlinda ba ta yi kuka ba, don ba a gaban Teo za ta yi ba. Kafin ta fita ya miƙo mata littafin baƙi ta sa hannu. Har yau, na duba, sunanta kaɗai ne a ciki.

Ba za a ce ba ta gwada ba. Ta dafa lemo goma a sabuwar tukunyar, suka fito ruwan ƙasa, ta zuba wa alade, alade ya shinshina ya koma inuwa. Maƙwabciyarta Doña Casilda, tsohuwa mai shekara tamanin wadda suka shekara arba'in suna kushe alewar juna, ta leƙo ta kan katanga.

"Linda, zo ki ɗauki tawa. Ba ta kai taku ba a bakinki, amma ba ta da huji."

"Na gode, Casilda. Mama ba ta ce tukunyar Casilda ba."

"To ki shiga ki ciro kayanki mana! Ƙanenki ne, ba gwamna ba."

"Ya sa kwaɗo. Da makullin yake kwana a wuya."

Sau biyu ta koma ta roƙe shi. Na farko ya yi mata jawabi a kan ci gaba. Na biyu ya ce ta rubuto wa Ƙungiya a takarda, za a zauna a duba.

Saura kwana huɗu ta tsinko lemo ɗari, ta kankare, ta ƙwaƙule, ta jiƙa. Tana sauya ruwa safe da yamma, alhali ba ta da abin dafawa. Ta tare Fidencio a soro ta tambaye shi kaurin ƙusar, ya ɗaga mata ɗan ƙaramin yatsansa yana waige-waige. Daga nan ta wuce wurin maƙerin bayan kasuwa, ta ce ya tanadi guntun jan ƙarfe daidai wannan kauri, kuma ranar jajibere kada ya je ko'ina. Ba ta san yadda tukunyar za ta sauko ba. Ta dai san ƙanenta.

Ranar jajibere da hantsi aka kafa rumfa a dandali. Wata 'yar jarida ta zo daga babban birnin jiha da mai ɗaukar hoto. Lisensiyado ya fito da farar riga mai sunansa a ƙirji, da hular masu girki doguwa har tana shafar rumfa, da farin takalmin nan. Akwai wata baiwa da Allah ya yi masa: in yana magana ba ya taɓa kallon abin da hannunsa ke yi. Kyamara yake kallo.

"Jama'a," in ji shi, "Faransa tana da turare. Japan tana da motoci. Mu kuwa muna da ni. Yau za ku ga yadda ilimi ke kashe wahala."

Ya zuba ɓawon lemo ɗanye, wanda ko jiƙa shi ba a yi ba, cikin tukunyar Guadalajara. Minti goma, lemon ya koma ruwan ganyen da ya bushe. Minti ashirin, ya zama ruwan ƙasa. Matan kasuwa suka fara zungurin juna. Lisensiyado ya bayyana cewa wannan mataki ne na farko, sananne a wurin masana. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ruwan kore irin wanda ake rina kek da shi, ya juye duka. Sannan ya yi jawabi a kan ƙuruciyarsa, yadda yake tashi tun asuba yana gurza kwakwa har yatsunsa su fashe. Jawabin ya yi tsawon da ruwan sukarin ya huce.

Ya cika lemo guda da busasshiyar kwakwar leda ta kanti, ya miƙa wa Doña Casilda, da yake ita ce babba a wurin. Tsohuwa ta gatsa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka. Ta tofar, ta zaro harshe, ga shi kore kamar na ƙadangare.

"Aristeo, ɗan nan, maganin tsutsar ciki ne wannan ko fentin ƙofa?"

Dandali ya ɗauka da dariya. 'Yar jarida, wadda ta riga ta gatsa nata don ladabi, ta yi murmushi da korayen haƙora.

"Ɗaci ne mai daraja," in ji Lisensiyado. "A Turai nemansa ake yi."

"To kai musu can!" wata ta ce daga baya. Wata kuma ta ƙwala: "Ɓawo!" A gabansa ke nan, karo na farko.

Ƙaramin mutum da a nan ya tsaya. Lisensiyado kuwa ɗaga hannu ya yi.

"Kun faɗa tarkona! Da gangan na yi, don ku ga da idonku sharrin tukunyar zamani. Kullum ina gaya wa 'yar'uwata, jan ƙarfe shi ne sirrin. Fidencio! Ga makulli, kawo min tukunyar gadona."

Fidencio ya ruga, ya kwance ƙusa, ya dawo yana haki da tukunyar a ka. Ya ɗora ta a kan ƙarfen murhu.

"Lisensiyado, ai gindin nata..."

"Kada ka katse ni a gaban kyamara."

Ya ɗaga tukunyar Guadalajara, ya kafe ido a kan mai ɗaukar hoto, ya fara juyewa yana cewa, "Wannan tukunya ni da ita mun san juna. Ba wani lungu a jikinta da hannuna bai sani ba." Gaskiya ya faɗa, ta wani ɓangare. Koren ruwan sukari ya bi ta hujin, siriri, a natse, ya sauka a kan farin takalmi. Ya gama jimlarsa, ya fara wata. Sai da ƙudan zuman da ke bin rumfunan alewa suka gano takalmin sannan ya kalli ƙasa. Mai ɗaukar hoto, wanda ya san aikinsa, ya riga shi kallo.

Herlinda ta ratso jama'a ba ta sauri. Ta kama tukunyar ta kunnuwa biyu.

"Matsa, Teo."

"Yaya, kayan tarihi ne fa..."

"Tarihin yana yoyo."

Maƙeri yana zaune yana jira. Ya zura guntun jan ƙarfe a hujin, ya daddake shi ciki da waje har ya kwanta. Herlinda ta dirje tukunyar da gishiri da lemo, ta zuba ruwa ta tsaya tana kallon gindin. Ko ɗigo. Kafin rana ta faɗi lemonta ɗari, waɗanda suka sha ruwansu na kwana uku, suna tafasa a hankali, Doña Casilda na gefe tana gurza kwakwa tana cewa sukarin ya yi yawa.

Washegari aka kai faranti ƙofar coci. Lemo ɗari, kore shar, kwakwa fara tas tana leƙowa ta tsagar. Herlinda ta tsaya a baya da kyandir a hannu, leɓunanta na motsi. A gefen farantin kuwa, cikin baƙin takalmi, Lisensiyado ne ke miƙa wa masu ziyara, musamman waɗanda suka zo daga nesa ba su ji labarin jiya ba. "Ɗauki, ɗauki, baba. Aikin hannuna ne."

Bayan biki na leƙa madafarta. Tukunyar ta koma kan tsohuwar ƙusarta, tana karkace kamar yadda ta saba. Na tambaye ta abin da ke cina tun ranar da na ga allon a tasha.

"Doña Herlinda, tsakani da Allah, a shekarun nan duka, akwai wani abu a sana'ar nan da za a ce aikin hannun Lisensiyado ne?"

Ta sauko da tukunyar, ta kifa ta a cinya, ta ɗora yatsa a kan facin.

"Akwai mana," in ji ta. "Ga shi nan. Shi ma sai da na kai aka toshe."